Ƙararrawa Goma Sha Biyu da Likkafa Biyu: Littafin Aikin Zubin Tagulla a Gusau

Asabar, 2 ga Disamba 2023

Yau Baba ya amince mu zauna a maƙerarsa da sikeli da alƙalami, bayan na yi masa sintiri har sau uku. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada kowa ya taɓa masa wuta sai ya ce a taɓa. Ni malamin aikin ƙarfe ne a wata makarantar fasaha, na koyi zubi a akwatin yashi irin na masana'antu, na kuma koyar da shi shekara da shekaru, amma zubin kaki, wato a siffanta abu da kaki, a rufe shi da yumɓu, a narkar da kakin a zuba tagulla a gurbinsa, ban taɓa ganin an yi shi daga farko har ƙarshe ba sai a hoto. Baba maƙerin fari ne, ba ya ƙera galma da lauje irin na maƙeran baƙi, aikinsa tagulla da azurfa. Ya gaji mahaifinsa, ya haura saba'in, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya zauna a rumfar. Biyu daga cikinsu sun koma zubin tukwanen sanholo, waɗanda jama'a ke kira tukwanen dalma ko da yake ba dalma ba ce, domin can ne ciniki ke gudana kullum.

Wani mai doki ya kawo aikin ƙararrawa 12 na ƙirjin doki da likkafa biyu, yana son su kafin Ƙaramar Sallah, kuma a kan wannan aiki za mu bi Baba. Mu uku ne daga makaranta, ni da ɗalibai biyu, sai jikan Baba ɗan shekara goma sha huɗu wanda ke zuga. Burina shi ne in auna duk abin da Baba ke yi da ido da hannu, in rubuta shi yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya maimaitawa.

Laraba, 13 ga Disamba 2023

Mun yini wurin 'yan gwangwan muna tsintar tagulla. Na zo da maganaɗisu, domin ƙarfen da aka shafa wa ruwan tagulla yana kama shi, tagulla ta gaskiya kuwa ba ta kamawa. Baba ya zo da magagari da ɗan guntun zare. Maganaɗisuna ya fitar da jabu kaɗan, amma magagarin ya fi shi aiki: akwai kawunan famfo masu sheƙi da ba su kama maganaɗisu ba, da Baba ya goga su sai ga fari fat a ciki, tutiya ce aka yi wa kwalliya. Abin da ya tsallake gugar sai ya rataye shi a zare ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kai kunne. Wanda ya yi amo mai tsawo ya ware shi gefe domin ƙararrawa, wanda ya ce "ƙwas" ya mutu ya tura shi wajen likkafa ko ya mayar wa mai shi.

Mai sayarwa ya miƙo mana kwanson harsashi cikin leda, ya ce zai yi mana sauƙi. A wajen zubi tagulla ce mai kyau, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, amma Baba ko kallonta bai yi ba. A halin da Zamfara ke ciki ba mai hankalin da zai ajiye wannan a rumfarsa, ban da cewa kwanso ɗaya da bai tashi ba ya isa ya tarwatsa kasko a tsakiyar wuta.

Da muka dawo ya jawo wani tsohon buhu daga ƙarƙashin gadonsa, ya zazzage mana zobban ƙarfe masu kauri, jajaye-jajaye, duk sun sha baƙin mai. Bushin injuna ne da suka cinye, mahaifinsa ya saye su lokacin da injunan gurzar auduga ke aiki dare da rana. Na daɗe ina juya su a hannu, domin tarihin wannan sana'a yana cikin inda take samun ƙarfenta. Ibn Batuta, da ya je Takedda a 1353, ya ga ana narka jan ƙarfe ana mayar da shi sanduna, ana kai shi Gobir da Borno. Daga baya munduwa da sandunan tagulla na Turai suka shigo ta bakin teku. Sannan layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929 domin kwasar auduga da gyaɗa, injuna suka biyo shi, masaƙa ta zo, kuma duk injin da ya cinye bushinsa maƙeran fari ne suka gaje shi. Yanzu da injunan suka yi shiru, abin da ya rage mana sai kan famfo da tsohon kwaɗo. A wurin 'yan gwangwan mun sayi tagulla kilo 4 da gram 300.

Asabar, 23 ga Disamba 2023

Kakin zuman farko da ɗalibina ya sayo an gauraya shi da kyandir. Baba ya gutsira ya tauna, ya tofar, bai ce komai ba. Na biyun daga hannun mai zuma ya fito, da saƙarsa da matattun ƙudaje, muka narka shi a ruwan zafi, muka tace da tsumma, ya daskare a saman ruwa kamar waina. Kaki yana narkewa a wajen digiri 63, amma matsalarmu a wannan wata sanyi ce: da safe hunturu yana sa shi karyewa kamar ƙuli-ƙuli. Saboda haka Baba ba ya taɓa aikin kaki sai hantsi ya ɗaga, kuma kullum da kwanon ruwan ɗumi kusa da gwiwarsa.

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Wannan mako na yumɓu ne, kuma a nan na gane cewa rabin sana'ar ba ta ƙarfe ba ce, ta magina ce. Baba yana haɗa kwaɓi iri biyu. Na farko mai laushi ne: ƙasar shuri da aka daka aka tankaɗe da rariyar laushi, a haɗa da garin gawayi, a dama shi ruwa-ruwa kamar kunu. Na biyu mai kauri ne: yumɓun bakin gulbi da busasshen kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi, a tattake a rufe da tsumma ya kwana uku. Ɗalibaina sun yamutsa fuska da kashin jakin, sai na yi musu bayanin abin da littafi ya koya mini ba tare da ya ambaci jaki ba: ɗan zaren ciyawar da ke ciki yana riƙe yumɓu kada ya tsage wajen bushewa, in ya ƙone a wuta kuma sai ya bar ƙananan ƙofofi da iska za ta bi ta fita sa'ad da ruwan tagulla ya shigo. Na auna ludayinsa sau biyar a kwaɓi biyar, ban sami awo ɗaya ba, sai dai yana kewaya yumɓu uku, kashin jaki ɗaya. Da na tambaye shi dalilin saɓanin, ya ce yumɓun jiya ba shi ne na yau ba. Na rubuta haka nan, ko da yake ba amsar da nake nema ba ce.

Ga yadda ake gina ƙararrawa, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni tun da muka fara. Baba ya ɗauki ƙwallon ƙarfe ƙarami daga cikin tsohon boris, ya lulluɓe shi da yumɓu mai laushi har ya kai girman ƙwan zabo, ya ajiye ya bushe. Ya murza kaki a kan allo da ɗan faifan itace har ya zama kamar fatar albasa mai kauri, ya naɗe dunƙulen da shi, ya shafe gaɓar da ɗan yatsa. Da tsinken ƙarfe mai ɗumi ya yanke baki dogo a ƙasa, ya murza zaren kaki siriri kamar taliya ya kewaya cikin ƙararrawar da shi sau uku domin ado, ya lanƙwasa wani zaren mai kauri ya dasa a sama ya zama kunnen ratayewa. Ta wannan bakin da ya yanke ne yumɓun waje zai haɗu da dunƙulen ciki ya riƙe shi, don haka in kaki ya narke ya fita, dunƙulen ba zai faɗi gefe ba. In an gama zubi a sakace yumɓun cikin ta bakin, ƙwallon ya rage a ciki yana yawo, ya fi bakin girma, ba ya fita har abada. Tun ina yaro nake mamakin ta inda ake saka ɗan cikin ƙararrawa, ashe shi ake fara sakawa.

Kowace ƙararrawa ta ci kaki gram 9. Ya haɗa huɗu-huɗu a jikin sandar kaki ɗaya, wadda za ta zama hanyar ruwan tagulla, ya shafe su da kunun yumɓu da gashin kaza, shafi uku, kowane sai ya bushe kafin na gaba.

Alhamis, 11 ga Janairu 2024

An ɗora yumɓu mai kauri, gidaje uku, wato yumɓun da ya lulluɓe kakin, suna shan iska a inuwar zaure. Baba ya ce kwana goma. Na ga lokaci yana tafiya, hutun makaranta ya ƙare, don haka da ya tafi jana'iza na ɗauki gida ɗaya na ajiye kusa da murhun maƙera domin ya yi saurin bushewa. Ban taɓa wuta ba, na gaya wa kaina, kusa da ita kawai na je.

Asabar, 20 ga Janairu 2024

Zubin farko. Shekaranjiya Baba ya ɗauki gidan da na gasa, ya kanga shi a kumatunsa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya dube ni. "Malam, wa yak kai wanga gida bakin wuta?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce to, da shi za mu fara, in gani da idona.

Tsarinsa ya saɓa wa duk abin da nake koyarwa. Mu a makaranta muna narka ƙarfe a kasko daban, mu ɗauko mu zuba. Shi kuwa sai ya fara ɗumama gidan a kan garwashi, bakinsa ƙasa, kakin ya tsiyaye cikin kwanon ruwa domin a sake amfani da shi. Sannan ya zuba guntayen tagulla da ɗan gawayi a wani ƙaramin kaskon yumɓu, ya kifa bakin gidan a kai, ya liƙe su da kwaɓi mai kauri suka zama abu ɗaya mai kama da gora. Wannan ya yi shi tun shekaranjiya domin liƙin ya bushe. Yau sai aka dasa goran cikin gawayin ƙirya, kaskon a ƙasa inda wuta ta fi ƙarfi, gidan a sama yana gasuwa. Amfanin wannan dabara a bayyane yake: iska ba ta samun ruwan ƙarfen, tutiya ba ta gudu da yawa, kuma gidan yana da zafi jawur lokacin da tagulla za ta shige shi, shi ya sa take iya bin zaren ado mai sirantaka ba ta daskare a hanya ba.

A kan nauyi mun yi saɓani. Kakin gidan duka gram 45 ne, tagulla kuma ta ninka kaki nauyi kusan sau tara, don haka na lissafa gram 400. Baba ya ɗebo da hannu, na ɗora a sikeli, gram 490. Na ce ya yi yawa. Ya ce abin da ya rage a bakin hanya shi ke danna na ciki ya shiga lungu, kuma tagulla in tana hucewa tsukewa take yi, sai ta sha daga na saman. Wannan daidai yake da abin da ke cikin littafina, ni ne na manta da shi a lissafi.

Jikansa ya yi zuga awa ɗaya da minti goma, ɗalibai suna karɓarsa. Ma'aunin zafin da na aro ya nuna cikin gawayi ya haura digiri 1,100, amma bai iya gaya mini abin da ke cikin goran ba. Baba harshen wuta yake kallo. Da ya juye daga ja zuwa kore-kore mai shuɗi, da ɗan farin hayaƙi, ya ce ta fara. Tagulla tana narkewa tsakanin digiri 900 da 940, tutiya kuma tana tafasa a 907, to wannan launin shaidar tutiya ce da ke fitowa ta ƙofofin yumɓu. Ya ƙara jira kamar minti goma, ya kama goran da awartaki, ya ɗan karkata shi yana jin motsin ruwan a hannunsa, ya yi bisimilla ya juya shi gaba ɗaya.

Nan take muka ga tagulla tana tsartuwa ta gefe tana ɗiga a ƙasa. Da ya huce muka fasa: ƙararrawa biyu rabi-rabi, biyu kuma sun yi fiffike ta ko'ina inda ruwan ya bi tsaga. Zafin murhu ya busar da waje ya bar ciki, kakin ya kumbura ya tsaga shafin farko, ga shi ya saki har adon ya baje. Kwana tara na aikin Baba ne suka tafi. Bai yi faɗa ba, ya tsince tagullar daga ƙasa ya zuba a gwangwani, ya ce in rubuta wannan ma.

Lahadi, 21 ga Janairu 2024

Ɗalibina ɗaya ya kwana da zazzaɓi da ciwon jiki da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da safe ya warware. Shi ne ya tsaya ta inda iska ke kaɗa farin hayaƙin. Zazzaɓin hayaƙin tutiya ne, sananne ga masu walda da masu zubi. Baba ya ce a ba shi nono, na ce ya sha, amma nono ba ya hana shi, tsayawa bayan iska ke hanawa.

Abin da ya fi damuna dalma ce. Tagullar famfo da ta kwaɗo ana sa mata dalma kashi biyu zuwa uku cikin ɗari domin ta yi daɗin yanka a inji, kuma garin da magagari ke zubarwa yana ɗauke da ita. A jihar nan ba a buƙatar dogon bayani: a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Mun yi yarjejeniya cewa za a yi guga a kan shimfiɗar buhu a waje, a tattara garin a gwangwani mai murfi, ba a cin abinci a rumfar, jikan Baba kuma ya wanke hannu da sabulu ya sauya riga kafin ya shiga cikin gida wurin ƙannensa. Tattara garin bai zama sabon abu ga Baba ba, da ma yana yi domin ya sake narkawa.

Asabar, 10 ga Fabrairu 2024

Gidaje biyun da suka bushe a inuwa an zuba su, ɗaya ranar 27 ga Janairu, ɗaya yau. Na farkon da tagullar famfo zalla, huɗu suka fito lafiya, adon ya fito har da zanen yatsan Baba a jikin ɗaya. Sai dai da muka sakace yumɓun muka girgiza, muryarsu a dushe take, kamar tsakuwa a gwangwani. Na yau sai ya yanka bushi ɗaya daga buhun mahaifinsa, wanda ya fi amo da aka rataye shi, ya haɗa kashi ɗaya na bushi da kashi biyu na tagulla mai kyau. Uku suka fito, ɗaya ta yi rami a kunne. Muryar waɗannan ana jin ta daga bakin titi. Dalili shi ne kuza: irin wannan bushi jan ƙarfe ne da kuza wajen kashi goma, kuza kuwa tana taurara ƙarfe ta ba shi amo, shi ya sa manyan ƙararrawa ake yin su da kusan kashi huɗu jan ƙarfe, ɗaya kuza. Dalma kuma kashe amo take yi, don haka bushin da aka sa wa dalma da yawa, akwai su a buhun, zaren Baba ya riga ya fitar da su.

Baba ya ce huɗun farko ba za su fita daga rumfarsa da sunansa ba, a mayar da su kasko. Ni da na ga wahalar da aka sha, da an bar su, mai doki ba lalle ya lura ba. Ba a bi ra'ayina ba.

Asabar, 24 ga Fabrairu 2024

Bayan an sake zuba wasu, ƙararrawa 11 sun kammala. Ana yanke hanyar ruwa da zarto, a goge wurin da magagari, a jiƙa su a ruwan tsamiya su kwana, a cuɗa da toka da yashi mai laushi. Ɗalibai sun kawo hotunan kawunan Ife da kayan Igbo-Ukwu na ƙarni na 9 da allunan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, suka nuna wa Baba a waya, suka gaya masa da kaki aka yi su. Ya daɗe a kan wata tukunyar Igbo-Ukwu mai igiyoyi kewaye da ita, yana buɗa hoton da yatsu biyu, yana neman inda aka sa hanyar ruwa. Bai samu ba, kuma abin ya tsaya masa a rai har la'asar.

Asabar, 9 ga Maris 2024

Likkafa ta ba mu kunya. Kakinta gram 85, tagulla gram 900, goran ya kai girman tulun yara, ya cinye rabin buhun gawayi. Faffaɗan wurin taka ƙafa ya cika, amma kunnen da ake zura igiyar sirdi bai haɗe ba, ruwa biyu sun zo daga gefe da gefe sun daskare kafin su gamu, da tazarar da ba ta kai faɗin farce ba. Likkafar da za ta ɗauki nauyin mutum a kan doki mai gudu ba a yi mata liƙi. A ganina saman gidan bai yi zafi sosai ba, domin murhun Baba na ƙananan kaya ne, kusan sulusin goran yana waje da gawayi. A ganin Baba iska ce ta maƙale a kunnen ba ta sami mafita ba. Mun yarda a gyara duka biyun: a ƙara wa murhun tsawo da tubali jeri biyu, a kuma dasa siraran zaren kaki biyu daga kunnen zuwa sama domin iska.

Talata, 19 ga Maris 2024

Yau azumi tara. Zafi ya shigo, kaki yanzu saki yake yi a hannu, don haka aikinsa ya koma bayan sallar asuba, zuga kuma sai bayan tarawihi, domin ba a sa yaro mai azumi gaban wuta da rana. An sake gina likkafa biyu da hanyoyin iska, an gama shafi na uku jiya, an ɗora yumɓu mai kauri yau da safe, tare da ƙaramin gida na ƙararrawa ta goma sha biyu. Mai dokin ya aiko ɗansa ya ji labari, Baba ya ba shi ƙararrawa ɗaya ya kai masa, ya ce a gaya wa Alhaji likkafa tana shanya.

Gidajen likkafa sun fi na ƙararrawa kauri, Baba ya ba su kwana goma sha biyu, wato 31 ga wata, sai a tsiyaye kaki a liƙa kasko, a zuba ɗaya a daren 3 ga Afrilu, ɗayar kuma bayan mun fasa ta farko mun gani. Bushi huɗu suka rage a buhun. Gawayin ƙirya ya yi tsada, muna da buhu ɗaya da rabi, ana bukatar biyu. Na sayo tubali 14 na murhu, na kuma ɗauke sikelina daga zauren da gidajen ke bushewa, na mayar da shi rumfa.